Tsohon injin Baba, Stihl 070: in gyara ko in bar wa 'yan gwangwan?

Autan Malam: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Mahaifinmu ya rasu bara da azumi. Shekaranjiya muka buɗe ɗakin ajiyarsa na zaure don a fitar da kaya a raba, sai ga injinsa na yankan itace ƙarƙashin tarin buhuna, an naɗe shi da tsohuwar tabarma. Stihl 070 ne, kuma a jikin ɗan faifan da ke kansa an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka ƙera shi. Da wannan inji ya ciyar da mu. Da rani yakan tafi dazukan kudancin Kaduna ya yi wata biyu, ya dawo hannunsa duk kanta, rigarsa na warin fetur da ɗanyen katako. Rabon da a tayar da shi tun 2009, lokacin da ciwon baya ya zaunar da Baba. Fentin ya koɗe, ƙarfen sarƙar ya yi tsatsa, tankin yana wari kamar tsohon fenti. Wani mai gwangwan ya taya, kuɗin ko buhun masara ba za su saya ba. Yayana ya ce a sallama masa a huta. Ni zuciyata ta ƙi. Yana gyaruwa kuwa? In yana gyaruwa, ta ina ake farawa?

Bakanike na Panteka: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abu na farko, don girman Allah kada ka ja igiyar nan. Kowa ya samu tsohon inji hannunsa ƙaiƙayi yake yi ya ja ya ji ko zai tashi, kuma a nan ake kashe shi. Shekara goma sha biyar ba maiƙo a ciki, ringin ya iya mannewa, ka ja da ƙarfi ka karce silinda.

Kwance fulogi, ka ɗiga man 2T, wato man da ake haɗawa da fetur, kamar cokali ɗaya a ramin, ka bar shi ya kwana biyu. Bayan nan ka juya a hankali da hannu ka ji ko fistin yana motsi. Sai ka kwance salansa, ka haska tocila ta ƙofar hayaƙi. Daga nan za ka ga gefen fistin da ringi ƙuru-ƙuru. In yana sheƙi sumul, ka yi hamdala. In ka ga layuka a tsaye kamar mage ta yakushe shi, to akwai kashe kuɗi. Ka ɗauko mana hoton wurin kafin ka sayi ko noti ɗaya.

Ofareta Mai Sifili-Bakwai: Inna lillahi. 070 ɗan Jamus ta Yamma za a ba mai gwangwan ya ɗora a sikeli? Ɗan'uwa, Jamus ta haɗe ce a 1990, ka ga ke nan injin nan ya girmi rabin mutanen da ke cikin wannan zaure. Shekarata ashirin da biyu ina aiki da irinsa tsakanin Taraba da Binuwai. Cikinsa cc 106 ne, ba ya gudu kamar na zamani, amma in ka kafa shi a gungumen maɗaci ba ya sanin an yi. Na yanzu ihu suke yi, shi kuwa gurnani yake. Shi ya sa masu tsaga falanki a daji har gobe ba su yarda da wani ba.

Ɗan Kasuwa Ba Ya Kuka: Allah ya jiƙan mahaifinka. Amma bari in faɗi abin da sauran ba za su faɗa ba. Kai ofareta ne? Ba ka ce ba. In ba sana'arka ba ce, me za ka yi da ƙarfe mai nauyin fiye da kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba? Ka kashe kuɗin gyara, ka ajiye a zaure, bayan shekara goma 'ya'yanka su sake buɗe ɗaki su same shi a tabarma. In yankan reshe kake so a gida, ƙaramin ɗan China ya ishe ka. Tausayi daban, lissafi daban.

Autan Malam: Gaskiya ba sana'ata ba ce, koyarwa nake yi a firamare. Amma na bi Baba daji sau uku ina yaro, ni ke riƙe masa galan.

Malam Na Ƙofar Doka: Kafin a yi nisa. Autan Malam, ka ce kayan gado ne ba a raba ba. Ke nan injin ba naka ba ne tukuna, na dukkan magada ne, har da mata. Kada ka zuba kuɗinka a kai sannan rigima ta taso. A samu wanda ya san kaya ya yi masa ƙima ta gaskiya, ba ƙimar mai gwangwan ba, ka saya daga hannun magada ko a cire a kasonka, a gaban shaidu. Daga nan in ka so ka yi masa lalle ma.

Ɗan Kasuwa Ba Ya Kuka: To Malam ka ɓata masa ciniki. Da ya biya kuɗin sikeli ya wuce abinsa.

Malam Na Ƙofar Doka: Ai dama Bakano ne zai fara hango wannan ƙofar.

Ɗan Kasuwa Ba Ya Kuka: Mu dai ba mu taɓa naɗe inji a tabarma shekara goma sha biyar muna jiran ya haihu ba. Sai Zage-zagi.

Baƙo a Stuttgart: Salam. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma wannan ta taɓo ni. Inda nake zaune bai fi tafiyar minti ashirin a jirgin ƙasa ba zuwa Waiblingen, garin da hedikwatar kamfanin Stihl take. Andreas Stihl ya kafa kamfanin a 1926, injinsa na farko da lantarki yake aiki, kuma sai mutum biyu ke iya riƙe shi. Na fetur ya biyo baya a 1929. Wanda ya sauya komai shi ne Contra da suka fitar a 1959, mutum ɗaya ke ɗaukarsa, kuma injin ke juya sarƙa kai tsaye ba giya a tsakani. 070 ɗinka ɗan Contra ne, a 1968 ya fito tare da yayansa 090 mai cc 137.

A nan akwai dattawa da ba su da abin sha'awa sai tara irin waɗannan. Maƙwabcina tsohon ma'aikacin daji ne, ya jera fiye da ashirin a kanta a garejinsa: Contra, Dolmar, Solo, har da Homelite XL-12 da McCulloch na Amurka. Ran Asabar ya sauko da ɗaya, ya tayar, ya yanka gungume guda, ya goge ya mayar. Abin da na koya a wurinsa shi ne kada ka kuskura ka yi masa sabon fenti. Kada ka jefar da ko sukuru ɗaya da ka cire. A wurinsu, inji mai koɗaɗɗen fentinsa na asali ya fi wanda aka fesa ya yi ƙyalli daraja nesa ba kusa ba.

Bakanike na Panteka: Yallabai na Jamus, a gaishe ka. Tarihin ya yi daɗi. Amma fa dattijon naka yana yanka gungume ɗaya a mako ne. Mu nan inji abinci yake nema. Batun fenti na yarda, fenti ba ya yanka itace, a bar shi. Amma kayan ciki wata magana ce. Na wancan zamanin yawanci kontak da kwandansa ne ke ba su wuta. Kontak yana cin datti, yana buƙatar a riƙa gyara tazararsa kusan milimita 0.4, kwandansa kuma yakan mutu ba sallama, musamman in inji ya yi zafi. Akwai wata 'yar na'ura ta lantarki da ake sakawa a madadinsu, waya biyu kawai, ka manta da zancen. Ni duk wanda ya kawo min ita nake sa masa.

Baƙo a Stuttgart: To ai daga nan ya daina zama injin Baba, ya zama injin Panteka.

Bakanike na Panteka: Allah ya ba ka haƙuri, amma kana tsammanin injin da ya yi shekara ashirin a dajin Kaduna har yanzu kayan Waiblingen ne a cikinsa? Na rantse in aka buɗe za a tarar Baban da kansa ya sauya ringi ya fi sau uku, kuma ba daga Jamus ya aiko aka kawo masa ba. Inji a ƙasar nan kamar rigar manomi ne, faci kan faci. Wane ne na asalin, wanda ya fito daga kwali ko wanda mai shi ya yi shekara ashirin yana lallaɓawa?

Baƙo a Stuttgart: Wannan tambaya ce mai kyau, ba ni da amsarta a aljihu. Abin da nake tsoro shi ne abin da na gani da idona lokacin da na zo gida: an kai 070 na asali gyara, aka cire silindar Jamus mai ɗan karce kaɗan, aka sa ta China sabuwa fil, mai gyaran ya ajiye ta asalin a ƙarƙashin benci. Mai injin yana ta godiya. Bayan wata huɗu ta Chinar ta fara ɓare daga ciki.

Ofareta Mai Sifili-Bakwai: Wannan kam ana yi, kuma ba sau ɗaya ba. Autan Malam ka ji da kyau. Kasuwa cike take da 070 na jabu, kala ɗaya, siffa ɗaya, wani har da tambari. Kayansu suna shiga na asali daidai, shi ya sa cutar take da sauƙi. Ranar da za ka kai gyara, ka ɗauki hoton silinda da kafireto da lambar da ke jikin inji, ka zauna a wurin har a gama. Ba ina zagin kayan China gaba ɗaya ba ne. Tiyon mai, igiya, matatar iska, gaskit, duk na Chinar nake sawa, ba su taɓa ba ni kunya ba. Amma silinda, karanshaf da boris, in na asalin yana da sauran rai, kada ka bari a taɓa. Sau da yawa abin da ake gani kamar karce a silinda ba karce ba ne, narkakken alminiyon ɗin fistin ne ya manne a bango. A goge shi a hankali da lallausar sanfefa, a sa sabon fistin, ta koma aiki.

Bakanike na Panteka: Oga Ofareta ya faɗi gaskiya, ko da yake ya shafa mana baƙin fenti mu masu gyara. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni a gabanka nake kwancewa, abin da na cire in zuba maka a leda.

Bari in ƙarasa abin da na fara. Bayan fistin, sai hanyar mai. Tsohon fetur yakan daskare ya zama kamar ƙaro. A wanke tanki da sabon fetur, a jefa 'yan notina a ciki a girgiza su kankare dattin. Tiyon da ke cikin tanki da matatarsa a sauya, kada ma a tsaya dubawa. Kafireton waɗannan Tillotson ne, ba shi da kwano irin na babur, wata 'yar fata ce a ciki take bugawa tana jawo mai, shi ya sa inji ke aiki ko an kwantar da shi ko an kifa shi. Fatar nan in ta shekara goma a bushe takan ƙage kamar ganda. Ana sayar da saitinta. Sukurori biyu na gefe, mai alamar L da mai alamar H, a ɗaure su a hankali har su taɓa, a warware kowanne zagaye ɗaya, daga nan ake fara saiti. Kada a ɗaure da ƙarfi, bakinsu kamar allura yake.

Wanda mutane ke mantawa kuma shi ke kashe inji: oyil sil guda biyu na gefen karanshaf. In sun bushe iska na shiga ta nan, mai ya yi ƙaranci, inji ya yi ta gudu yana daɗin ji a kunne, minti goma fistin ya narke. Kuma in za a cire fulawil a nemo abin jansa. Duk wanda ka ga ya ɗauko guduma, karɓi injinka ka tafi. Jikin nan magnesiyam ne, in ya tsage ba kowane mai walda ke iya shi ba.

Sabon Shiga: Tambaya daga gefe don Allah. Wajen haɗa mai, ni baƙin man mota nake zubawa a fetur kamar yadda na ga ana yi wa ƙaramin janareta. Akwai matsala?

Ofareta Mai Sifili-Bakwai: Haka muka taso muka ga ana yi, ba zan ɓoye ba. Murfin galan muke aunawa da shi, wani ma da ido. Injin yana ɗauka, amma duk wata biyu sai ka ƙwaƙule gawayi daga salansa, fulogi kuma kullum baƙi. Tun da na koma 2T na huta.

Bakanike na Panteka: Man mota ba a yi shi don ya ƙone ba, shi ya sa yake barin toka yana manne ringi. A sa 2T. Ga tsohon inji irin wannan, da irin 2T ɗin da ake samu a kasuwarmu wanda ba ka da tabbacin ingancinsa, ni kashi 25 da 1 nake ba da shawara, wato mililita 200 a lita 5 na fetur. In ka samu mai kyau na kamfani, shi ne ake yin 50 da 1, mililita 100 a lita 5. A haɗa a galan a girgiza, ba a cikin tankin inji ba.

Baƙo a Stuttgart: Dattijona 40 da 1 yake ba duka nasa, har waɗanda littafinsu ya ce 16 da 1. Ya ce man da ake yi yanzu ba irin na 1960 ba ne.

Bakanike na Panteka: Dattijonka ya san inda aka yi mansa. Ni na san inda aka liƙa wa nawa takarda.

Hajiya Mai Gonar Mangwaro: Ina ta bin ku tun safe, kowa na zancen yadda za a tayar da inji, ba wanda ya tambayi abin da zai ci in ya tashi. Ɗana Autan Malam, kada ka ji haushina. Ni garinmu lokacin da aka kawo ni amarya, daga bakin hanya zuwa rafi ba ka ganin rana saboda ɗorawa da kaɗanya. Yanzu tun daga tasha kana hango rafin. Gatari bai yi wannan ba, gatari yana gajiya. Injinan nan ne da masu gawayi. Har kaɗanyar da mata ke cin abinci da ita ba su bari ba. In za ka gyara ka rataye don tunawa da mahaifinka, Allah ya yi albarka. In haya za ka riƙa bayarwa, ka san wanda kake ba.

Ofareta Mai Sifili-Bakwai: Hajiya, maganarki ta yi min zafi don gaskiya ce. Ina cikin waɗanda suka yi aikin maɗobiya a Taraba lokacin da ake lodinta zuwa China, wadda a Taraba ake kira madrid. Kuɗi sun shigo, ƙauye ya cika da sababbin babura. Zuwa 2016 da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa ke sa wa ido, mu da ke ciki mun riga mun san labari, don inda muke samunta a bakin hanya ya koma sai mun yi tafiyar yini a ƙafa. Ban da bakin kare kaina. Amma ki sani mai riƙe da inji shi ne mafi ƙarancin samu a harkar. Mai tirela da mai takarda su suka ci.

Hajiya Mai Gonar Mangwaro: Na sani ɗana. Ni ma ina kiran mai inji duk shekara ya rage min rassan mangwaro. Ba injin nake zagi ba.

Ɗan Zango na Kumasi: Gaisuwa daga Gana. Mu nan tun 1998 doka ta hana tsaga katako da irin wannan inji don sayarwa, amma ka shiga kasuwar katako ka duba falanki, za ka ga sawun haƙoran sarƙa a jikin da yawa. 070 ne ke yi, da dare. Abin dariya, tsofaffinmu kowane inji Dolmar suke ce masa, ko da Stihl ne a rubuce ɓaro-ɓaro, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo.

Baƙo a Stuttgart: Suna da hujja. Dolmar tsoho ne, Emil Lerp ya kafa shi a Hamburg a 1927, kuma sunan wani dutse ne da ya gwada injinsa a kai. Makita ta Japan ta saye kamfanin a 1991.

Tsohon Malamin Daji: Na yi shekara talatin a aikin gandun daji kafin in yi ritaya. Autan Malam, mallakar inji ba laifi ba ne, amma kafin ka kayar da bishiya, ko a gonarka take, ka leƙa ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ji ƙa'idar wurinku. Wannan ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne kai kanka. 070 na wancan zamani ba shi da birkin sarƙa. Sai a farkon shekarun 1970 kamfanoni suka fara sa birki a injinansu, kuma wannan samfurin haka aka ci gaba da yin sa ba shi. In saman hancin ƙarfen ya taɓa wani abu, injin yakan yi tsalle ya dawo kan mai shi kafin ƙiftawar ido. Na taɓa ɗaukar wani yaro a bayan babur daga daji zuwa asibiti, kafaɗarsa a buɗe, riga muka cusa a ciki. Ya rayu, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kai ba. Ga jijjiga, tsofaffin ofaretoci da yawa yatsunsu sun mutu, ba sa iya ɓalle maɓallin riga da sanyin safiya. Ga kurumta.

Autan Malam: Baba kam sai an ɗaga murya yake ji a ƙarshen rayuwarsa. Mun ɗauka tsufa ne.

Tsohon Malamin Daji: Da tsufa, da 070. Ka sayi abin toshe kunne kafin ka sayi fulogi.

Ɗan Kasuwa Ba Ya Kuka: Kun ga abin da nake faɗa? Nauyi, ba birki, yana kurmanta mutum, yana shan mai kamar rijiya. Amma an ce ni ne marar tausayi.

Ofareta Mai Sifili-Bakwai: Alhaji, ƙaramin ɗan Chinan naka ma yana yanka ƙafa. Abin da ke jawo yawancin haɗari dakusasshiyar sarƙa ce, mutum ya yi ta dannawa da ƙarfi har ya gaji. Sarƙar 070 mai lamba .404 ce, zarton wasa ta mai kauri milimita 5.5. In gunduwa-gunduwa za ka yi, ka wasa haƙori a karkace digiri 30. In tsaga falanki ne a tsawon gungume, kusan digiri 10. Ka kalli abin da ke zubowa: in ɓarzajje ne kamar tsakin masara, sarƙa na da kaifi. In gari ne kamar na tuwo, tsaya ka wasa. Abu ɗaya kuma, akwai wani ɗan faifai kusa da fanka da iska ke turawa yana hana injin wuce ƙima a gudu. Yara suna cire shi wai inji ya ƙara wuta. Kada ka bari.

Baƙo a Stuttgart: Haƙorin nan mai lanƙwasa da kake wasawa, wani mai saran itace ne a Amurka, Joseph Cox, ya ƙirƙiro shi bayan ya tsaya yana kallon yadda tsutsar ƙwaro ke cin kututture. Daga nan kamfanin sarƙa na Oregon ya samo asali a 1947. Wato gara da 'yan'uwanta ne malaman Oga Ofareta.

Ofareta Mai Sifili-Bakwai: To su ba sa sayen fetur.

Autan Malam: Salam jama'a, na dawo bayan kwana tara. Na bi maganar Malam, aka kira wani mai sayar da injina ya yi masa ƙima, ta ninka tayin mai gwangwan sau da yawa. Yayana da ya ji kuɗin sai da ya gyara zama. An cire a kasona, yayyena mata sun sa hannu, babbar ma har da kuka, ta ce ita ke kai wa Baba ruwan wanka in ya dawo daga daji.

Na ɗiga man, ya kwana uku, fistin ya motsa. Na cire salansa, layi ɗaya ne siriri, farce ba ya kama shi. Da muka buɗe da wani mai gyaran janareta a unguwarmu, sai ga maganar Oga Bakanike ta fito. Kwandansan ba na Stihl ba ne, na wata mota ne aka ɗaure da waya. Mariƙin gaba ya taɓa karyewa, an yi masa walda, an naɗe da robar tayar keke, kuma naɗin na Baba ne, don haka yake naɗe ƙotar fartanya. A cikin murfin matatar iska ya karce sunansa da ƙusa da ajami. Na zauna na kasa cewa komai.

Ga abin da na yanke. Fenti ba zan taɓa ba, robar keken ma tana nan. Na sa 'yar na'urar lantarkin, amma kontak ɗin da kwandansan motar na zuba su a gwangwanin madara na ajiye. Yallabai na Jamus ka yi haƙuri.

Baƙo a Stuttgart: Ba haƙuri a ciki. Na nuna wa dattijona hoton robar keken, ya daɗe yana kallo, ya ce in tambaye ka ko za ka sayar. Na ce masa kada ma ya fara.

Bakanike na Panteka: Madalla. To ya tashi?

Autan Malam: Ya tashi! Ja na goma sha ɗaya. Hayaƙi ya cika zaure, awaki suka tsallake katanga, maƙwabcinmu ya fito ba hula yana cewa ya ji muryar injin Malam. Sai dai akwai abu ɗaya. In ya ɗan yi zafi silo ɗinsa yana hawa da kansa, sarƙa ta fara gudu ban taɓa komai ba, in na kwantar da shi a gefe ɗaya kuma sai sautin ya sauya. Mai gyaran ya ce a ƙara buɗe sukurun L.

Bakanike na Panteka: Kashe shi. Kada ka sake tayarwa. Kun sauya oyil sil?

Autan Malam: Ba mu samu abin jan fulawil ba, sai ya ce ai suna da kyau.

Bakanike na Panteka: Ta ina ya gani, ta bayan fulawil? Iska yake sha, alamarta ke nan, kuma sukuru ba ya maganinta, ɓoye ta kawai zai yi har fistin ya tafi. Zariya zuwa Kaduna ba nisa. Ka zubar da man tanki, ka cire ƙarfen sarƙar ka bar shi a gida, ka sa kan injin a buhu ka shigo mota ran Asabar. Ina da sil ɗin, ina da abin jan. Ka zo da wuri kafin rana ta yi, kuma ka taho da gwangwanin madarar nan, ina son in ga kwandansan.

Hajiya Mai Gonar Mangwaro: In ya dawo daga Kaduna, akwai wata darbejiya da iska ta kwantar min a kan shinge tun damina. Amma Ofareta ne zai riƙe, kai ka riƙe galan.